Katin da Na Ɓoye wa Baba

A gidanmu na Gashuwa babu yaron da ya taɓa fara karatun allo da rubutun wani in ba na Baba ba. Mu tara ya haifa, kowannenmu shi ya rubuta masa allon fari, haka kuma ya yi wa jikoki. Ko a Damaturu aka haifi yaro, ko a Kano, ranar da ya isa shiga makaranta sai an ɗauko shi an kawo shi, an zaunar da shi a kan buzu. Baba zai yi alwala, ya feƙe alƙalamin gamba, ya rubuta A'uzu da Bisimilla, sannan ya kama yatsan yaron ya bi da shi kan baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Inna ta raba waina sadaka. Daga nan kowa ya kai ɗansa makarantar da ya ga dama.

Ni ce auta, 'yata kuma ita ce ƙaramar jika. Ita kaɗai ta rage ba a rubuta wa ba lokacin da ciwo ya kwantar da Baba.

Sana'ar Baba rubuta Alƙur'ani ce da hannu, kuma da ka. Tun ina ƙarama nake ganin mutane suna sallama a zaurenmu, daga Nguru, daga Kumagannam, har daga cikin Nijar, kowa yana son a rubuta masa nasa. Wata ran da safe ya tashi zai ɗauki buta, sai ɓarin jikinsa na dama ya ƙi. Allah ya taimaka, bayan watanni ƙafa ta dawo, baki ya dawo. Hannu ma ya dawo, amma ya dawo da rawa.

Sau ɗaya ya gwada rubutu, ina wurin. Ya sa aka kawo masa allonsa, ya fara layin farko, yana cikin yi sai hannun ya girgiza, ɗigo ya faɗi a ƙarƙashin harafin da ba nasa ba. Ya daɗe yana kallon ɗigon. Ya wanke allon da kansa, ya tattara alƙalumansa ya ɗaure su da zare, ya zuba a gafaka, ya ce Inna ta rataye masa ita can sama. Bai yi dogon bayani ba. Cewa ya yi hannun da ba ya jin maganar mai shi ba zai taɓa maganar Allah ba.

Na bari aka kwana biyu, sannan na tayar da zancen.

"Baba, allon jikarka fa?"

"Ki kai ta wurin wani malami, Auta. Garin nan ba a rasa malamai ba."

"Layi biyu ne fa, Baba. A'uzu da Bisimilla."

"Su ne layi biyun da suka fi kowane layi nauyi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san ina da taurin kai, kuma ba a ƙasa na tsince shi ba, a wurinsa na gada. Na ce masa yarinyar nan ba za ta fara a hannun kowa ba, ko da za ta yi furfura tana jira. Ya ce to sai ta jira. Na koma Nguru, inda nake aure nake kuma aiki, na shiga kasuwa na sayi ɗan ƙaramin allo, na naɗe shi a ɗankwali na jefa a jakata. Duk Asabar in zan je duba su, da allon nake zuwa, da shi nake dawowa. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma lokaci-lokaci yakan tuna mini cewa sa'o'in yarinyar sun yi nisa a babbaƙu, ita tana gida tana wasa da gwangwani. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar take yi mini ciwo.

Likita ya ce hannun yana bukatar aiki, ya ba Baba wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ranar ma ba ta kwana a hannunsa ba, ya miƙa wa jikarsa, wadda yake kira amaryarsa kamar yadda kakanni ke yi. Ya koma zama a gindin bishiyar maina ta tsakar gida da carbi a hannun hagu. Mutumin da a da ba ka rasa tawada a yatsunsa, sai ga yatsun fes. Ban taɓa zaton tsabtar hannu za ta ba ni tausayi ba sai a lokacin.

A cikin wannan hali ne Japananci ya shigo gidanmu, kuma ba don Baba na kawo shi ba. Ni malamar gona ce, aikina yawo a fadama wurin manoman shinkafa, daga bakin Nguru har Dagona. Sai aka ce akwai wani ɗan kwas na noman shinkafa a ƙasar Japan, mai so ya nema, kuma wanda ya iya ɗan gaisuwa da yarensu zai fi samun shiga. Na ce abin nema ya samu. Na sauke darasin a waya na fara.

Tsarin darasin ba wuya. Za a ba ka kalma ɗaya, a nuna maka yadda ake zana ta, sannan a sa ta a cikin 'yar gajeriyar jimla irin ta yara. Mizu, ruwa: ina shan ruwa. Ame, ruwan sama: yau ana ruwan sama. Sakana, kifi: akwai kifi a kogi. Mutanen Japan suna da ƙananan haruffa na sauti, suna kuma da manyan da suke kira kanji, waɗanda kowane ɗaya kalma ce sukutum. Da yake caji da netwok ba abin dogaro ba ne a fadama, sai na riƙa yanka kwalin sabulu ƙanana, ina kwafe kowace jimla a kati guda, ma'anarta kuma in bar ta a kaina. A mota nake bita, a keke nake bita, har direbobin hanyar Gashuwa suka fara tambayata ko na koma duba ne.

Akwai kati ɗaya da na rubuta, na karanta, na kasa haɗa shi da sauran. Darasin dangi ne, an kawo kalmar uba, jimlar kuma ta ce: mahaifina yana rubuta wasiƙa. Su dai misali suka bayar, ba su san ni ba, ba su san Baba ba. Amma sai na ji kamar da gangan aka yi mini. Na cusa katin cikin ɗankwalin da na naɗe ƙaramin allon, na ce ya zauna nan.

Wata Asabar da hantsi ina zaune a gefen tabarmar Baba da littafi a cinya, ina zana kalmar kogi. Ita ce mafi sauƙi, layi uku ne a tsaye, 川. Na cika rabin shafi da ita. Ina jin idonsa a kaina, na yi kamar ban sani ba.

"Mene ne wannan kike yi?"

"Rubutun Japan ne, Baba. Wannan kogi ke nan."

"Kogi." Ya miƙo wuya. "Kogin nasu a karkace yake, ko ke kika karkatar da shi?"

Na nuna masa na cikin waya. Ya duba nasu, ya duba nawa, ya girgiza kai.

"An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya faɗi haka bai ga rubutunki ba. Kamar kaza ta taka tawada."

Tun ina firamare yake yi mini wannan gorin, kuma ya fi shekara rabon da in ji shi. Na ce, cikin tsiwar da auta kaɗai ke iya yi, in yana ganin da sauƙi ai ga biro. Na miƙa masa. Ya kalli biron bai karɓa ba.

"Abin nan da suke rubutawa, akwai sunan Allah a ciki?"

"Babu. Kogi ne, da kifi, da shinkafa."

"Ba littafin addininsu ba ne?"

"Karatun yara ne, Baba. Ina shan ruwa. Yau ana ruwan sama."

"In mutum ya yi kuskure fa?"

"Sai ya zama kuskure. Babu wanda zai tambaye shi."

Can sai ya ce shi ba ya rubutu da biro. Ya karyi wani ɗan tsinke daga bakin tabarma, ya share ƙasar da ke gabansa da tafin hagu, ya ja layi uku da hannun dama. Hannun ya yi rawa, layukan suka fito da 'yan ƙudoji. Amma tazarar da ke tsakaninsu daidai take, na tsakiya ya fi gajarta, na farko ya ɗan lanƙwasa a ƙasa, kamar dai na cikin wayar. Kallo ɗaya ya yi masa. Ni da na cika rabin shafi, kunya ta kama ni.

Muka fara rigima nan take, don daga dama ya faro, su kuwa daga hagu suke fara layukan kowace kalma. Ya ce shi bai taɓa fara komai da hagu ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Na nuna masa hoton yadda alƙalamin nasu ke tafiya. Ya sa na maimaita masa sau uku, sannan ya ce kowane rubutu da ladabinsa, in ka shiga gidan mutum ta ƙofar da ya nuna maka kake shiga. Ya goge ya sake, daga hagu. Da na gaya masa cewa a tsofaffin littattafansu daga sama suke gangarowa ƙasa, kuma layin farko yana dama, sai ya gyaɗa kai ya ce ashe dai mutanen suna da tarbiyya.

Asabar ta gaba na tarar ya aika kasuwa an sayo sabon allo, ya kuma sa kafinta ya yanke masa kai, don kada wani ya ruɗa shi da allon karatu. Bai taɓa gafakar da ke rataye ba. Sabon alƙalami ya feƙe, Inna ta dama masa tawada da gawayi da ƙaro a wani ɗan gwangwanin madara, ba a kurtunsa ba. Ya ce in bar masa kati biyar, in na dawo in karɓa in ba shi wasu.

Haka muka shiga. Ni nake karanta masa jimlar in faɗi ma'anarta, shi ya kwafe. Bakinsa bai taɓa yarda da lafazinsu ba, komai sai ya ja shi kamar mai ƙira'a, amma idonsa ba ya mantuwa. Kowace kalma sai ya yi mata sharhi. Da ya ga 田, gonar shinkafa, akwati mai gida huɗu, cewa ya yi wannan mai rubutun ya taɓa zuwa Dagona, ga kunyoyin nan. 米, shinkafar kanta, ya ce ga tsabar tana watsuwa. 人, mutum, layi biyu kawai ɗaya ya jingina da ɗaya, ya ce sun yi rowa, mutum ya fi haka wahala. Kifi kuwa, 魚, ya ba shi aiki, layi goma sha ɗaya ne, ga ɗige-ɗige huɗu a ƙasa. Mako biyu yana fama da shi. In hannun ya zame sai ya ce, "Kai, wannan kifin da rai," ya shafe ya sake. Babu istigfari, babu ɓacin rai, shafewa kawai yake ya sake.

Inna fa ba ta taɓa tambayar me muke yi ba. Ita dai tun da aka kawo ta gidan nan ta san abu biyu game da rubutu: takarda mai rubutu ba ta kwana a ƙasa, ruwan wankin allo kuma ba a zubar da shi. Duk katin da iska ta ɗauke, za ta bi shi ta tsince, ta karkaɗe, ta ajiye wa Baba a ƙarƙashin buzu. Wata Asabar Baba ya gama cika allon, ya shiga kewaye, ya ce a wanke masa kafin ya fito. Yana fitowa ya tarar da Inna tana sauke ƙwarya daga bakinta.

"Ke! Me kika sha?"

"Rubutu mana, Malam. Gwiwar nan ta dame ni."

"Innalillahi! Wannan ba na sha ba ne. Ba ki ga allon ba shi da kai ba?"

Inna ta goge baki da gefen mayafi, ta juyo wurina hankali kwance.

"Auta, me aka rubuta?"

"Akwai kifi a kogi, Inna."

"To ai ba ƙarya ba ne. Jiya ma an kawo na Dagona."

Baba ya buɗe baki zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har sai da ya dafa maina, hawaye na zuba. Tun ranar da buta ta gagare shi ba mu ji wannan dariyar ba. Daga baya, muna wanke-wanke, na ce wa Inna ai ta san ba rubutun sha ba ne. Ta ce ta sani mana, ita yarinya ce? Ta ce shekara guda ba ta ga tawada a yatsansa ba, yau kuma ta gani, sai ta zubar a rariya? Gwiwar ma, in ji ta, ta yi sauƙi.

Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, tsuntsayen nan masu zuwa daga nesa suka cika ruwan Dagona. Sai sunayen masu tafiya Japan suka fito, babu nawa. Na ji haushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ina huci a gida, maigidana yana ta ba ni baki da cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Na ce ya bar ni da kwaɗo, ni jirgi na so hawa. Asabar ɗin na tafi Gashuwa hannu rabbana, ban yanka kwali ko ɗaya ba. Na gaya wa Baba an gama, karatu ya ƙare.

"Ke kika so zuwa Japan," in ji shi. "Ni na ce miki zan je wani wuri? Ina katina?"

Na ce ban kawo ba. Na zazzage jakata a gabansa don ya gani da idonsa, har ɗan allon 'yata ya faɗo daga cikin ɗankwali. Ya gan shi, na ga ya gan shi, amma ya kau da kai. Na tattara kayana na mayar, cikin fushi. Ban lura wani abu ya rage a ƙasa ba. Inna ce ta lura, kamar kullum.

Mako ya zagayo na dawo tare da 'yata, don maigidana ya ce wannan karon in yi magana da Baba a gama, ko ya rubuta ko ya yi mata addu'a a kai ta makarantar unguwa. Yarinya ta shiga shekara ta shida. Ni ma na gaji, a mota na yanke shawarar zan haƙura. Na tarar da Baba a gindin maina, allon nan marar kai a cinyarsa, cike da rubutu daga sama har ƙasa.

"Wushe, sannu da zuwa, Auta. Kin ce ba ki kawo kati ba, ashe kin yar da ɗaya. Innarki ta tsince shi. Wannan ya fi kifi wuya. Zo ki faɗa mini me na rubuta."

Na karɓi allon. Jimlar nan ce da na ɓoye, 父は手紙を書きます, ya jera ta sau bakwai. Ta farko duk ta karkace, tawada ta taru a wasu wuraren. Ta uku ta fara tsayuwa. Ta bakwai kuwa, in ba ka kusanto da ido ba, ba za ka ga rawar hannun ba.

"Cewa aka yi," na ce, "mahaifina yana cin shinkafa."

Bai ko ɗaga kai ba. Ya sa bakin alƙalami a kan kalmar farko.

"Wannan uba ne, na san shi, kin koya mini. Wannan hannu ne. Ina shinkafar?"

"Wata irin shinkafa ce, Baba."

"Auta. Shinkafa mai watsuwar tsaba ce, gona mai gida huɗu ce. Babu ko ɗaya a nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun kina satar ƙaro a kurtuna kina taunawa ba ki iya ta ba."

Na zauna a ƙasa. Na nuna masa da yatsa cewa hannu da wannan ta kusa da shi, wato takarda, in sun haɗu su ne wasiƙa. Wannan mai yawan layuka a kwance kuma, wadda na san ita ta fi ba shi wuya, ita ce rubutu.

"Haɗa mini su."

"Mahaifina yana rubuta wasiƙa."

"Mahaifin wa?"

"Na duk wanda ya karanta, Baba. Haka suke yin misalinsu."

"To karanta. Da yarensu."

Na karanta. Chichi wa tegami o kakimasu.

"Don me kika ɓoye shi?"

Na ce don ranar da na kwafe shi ba gaskiya ba ne, kuma na ji tsoron ba zai sake zama gaskiya ba. Ban yi niyyar kuka ba, amma na yi, irin na yara, har da jan hanci. Ya bar ni na yi. Ya karɓi allon, ya riƙe shi nesa da fuskarsa kamar yadda yake duba aikin ɗalibai a da, ya bi layukan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe a kan na ƙarshe. Sai ya ajiye, ya ce Inna ta kawo mana fura, ya koma tambayata farashin banda a Nguru. Bai sake tayar da zancen ba yinin ranar, ni ma ban yi maganar da aka aiko ni ba.

Washegari Lahadi ina haɗa kaya za mu koma, sai na ji shi daga tsakar gida yana ce wa Inna ta sauko masa da gafaka. Hannuna ya tsaya a kan zif ɗin jaka. Na leƙo. Ya yi alwala, ya sa farar rigarsa, an shimfiɗa buzu. Ya kwance zaren da ya ɗaure alƙaluman, ya zaɓi ɗaya, ya gwada bakinsa a farce. Inna ta dama tawada a kurtu, ba a gwangwani ba. Ban san lokacin da ta jiƙa shinkafar waina ba, amma ga tanda a kan wuta.

"Ina allon amaryata?"

Na kwance ɗankwalin na miƙa masa da hannu biyu. Allon ya fi shekara yana yawo tsakanin Nguru da Gashuwa, har gefensa ya yi santsi.

Kada in yi muku ƙarya, Baba bai koma rubuta Alƙur'ani ba, ba a ranar ba, ba kuma bayanta ba. Layi biyu ya rubuta. Aikin da a da yake gamawa kafin a zuba shayi, ranar ya ɗauke shi har rana ta ɗago kan katanga. Kowane harafi sai ya tsaya, ya jira hannun ya lafa, sannan ya sauke alƙalami. Ɗige-ɗigen ya bari sai ƙarshe. Yana sa kowanne ina riƙe numfashi. Da ya gama, ya hura wa tawadar iska, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya miƙo mini.

"Duba mini, Auta."

Shekara hamsin mutane suna kawo masa rubutu ya duba musu. Ban taɓa jin ya ba wani nasa ba, balle ni mai rubutun kaza. Na karɓa, idona ya cika, ban ga komai ba. Na ce daidai ne, Baba.

"Ba ki duba ba. Goge idonki ki duba. Wannan ba kifi ba ne."

Na goge, na bi harafi-harafi da yatsa, kamar yadda ya bi da ni ina 'yar shekara huɗu. Layukan suna da 'yar rawa. Kowane ɗigo yana inda ya kamata. Na ce masa babu kuskure, wannan karon da gaske. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a kira ta.

Ta zo da 'yar ƙwallon robar nan a hannu, na karɓe, na gyara mata hijabi, na zaunar da ita a gabansa. Ya ɗora allon a cinyarta, ya kama ɗan yatsanta ya ɗora a kan harafin farko. Ta kalli hannunsa a kan nata, ta ɗago kai.

"Kaka, hannunka yana rawa."

"Yana rawa, amarya," in ji shi. "Bar shi ya yi. Ke dai ce A'uzu."

Ta ce A'uzu.